Likitan da Ya Dubi Kantar Gwiwata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, Allah ya karɓi ranka, Likita, bayan gajeriyar jinya. Ni ne mai sa tayil ɗin nan da ya ci mutuncinka a gaban marasa lafiya, kuma cikin kunya nake wannan rubutu.

Shekara shida ke nan da na faɗo daga kan tsani, jijiyar gwiwata ta tsinke. Kafin tiyata ka zana mini hanyoyi biyu a bayan takarda: ko a yanko jijiya daga gaban gwiwa, ƙasan ƙoƙo, a dasa, ko a ɗauko daga bayan cinya. Ka shafa kantar da ke gwiwoyina, ka tambayi sana'ata, ka ce ta cinya za ka yi. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Bayan aiki, ƙafa ba ta yi ƙwari da wuri ba. Wani ɗan ƙwallo da muke atisaye tare ya ce shi ta gaba aka yi masa, ita ce ta manya. Ni kuwa, sarkin saurin fushi, na hau na zauna. Na tare ka a ɗakin jira, na ce ka raina ni, ka yi mini ta talakawa. Ka fara bayani, na katse ka. Sai ka sunkuya ka gyara robar sandata da ta karkace, ka ce, "Malam, ka dai riƙa zuwa atisaye." Ban sake gaishe ka ba.

Bara na haɗu da ma'aikaciyar gashin ƙashin da ta kula da atisayena a asibitin. Ta ce duka hanyoyin suna da kyau, amma ta gaba takan bar wa mutum ciwo wajen durƙuso. Ta ce a fayil ɗina ka rubuta cewa da gwiwa nake cin abinci. Na ce zan zo neman gafara. Sau biyu ina isa ƙofar ofishinka, kunya tana mayar da ni.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya ba uwargida da yara haƙurin rashinka. Ina roƙon su yafe mini a madadinka. Wuni nake a durƙushe ina aiki, ban taɓa jin ciwo ba, kuma a kan gwiwar nan nake durƙusawa in roƙa maka rahama.