Lawandi da Miyar da Aka Tsame wa Nama

Da safen nan ina Katsina, ko karyawa ban yi ba, waya ta shigo daga Daura. Wai Lawandi ya rasu.

Na ce wane Lawandi? Aka ce naka, mai kiwon shanu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da kyar na samu jana'iza. Yanzu na dawo daga maƙabarta, raina a ɓace yake, kuma wanda zai ji haushin wannan fostin ɗin ya ji.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Lawal abokina ne tun firamare. Sana'arsa turka. Ya sayo ramammen sa a kasuwar Mai'adua, ya ɗaure a gida, ya yi ta hidima da shi har ya murje. Da hannunsa yake cire wa shanun kaska, a kunne, a mara, a ƙarƙashin wutsiya. Shi ma ba ta ƙyale shi ba. In ya ɗaga ƙafar wando sai ka ga tabon cizo har gwiwa.

Mutum ne da ba ya iya ganin ka cikin matsala ya wuce. Lokacin da mahaifiyata ta karye ina can wajen aiki, shi ya nemo mota ya kai ta asibiti, ya yi ta zirga-zirga har aka sallame ta. Ban ma ji daga bakinsa ba, ita ce ta gaya mini.

Shekarun baya wani abu ya same shi. Duk lokacin da ya ci naman sa, ko na rago, ko na akuya, sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓɓansa su kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Ya sha jiƙo, ya sha rubutu, shiru. Daga baya wani likita a Kano ya sa aka yi masa gwaji, ya ce ciwon da Turawa ke kira alaji ne, cizon kaska ne ya jawo, jininsa ya daina shiri da jan nama. Kaza da kifi babu laifi. Amma jan nama, ko romonsa, ko kitsensa, kada ya kusanta.

Ni na gani da idona. Wata ranar kasuwa, kafin a gano ciwon, mun ci balangu da hantsi, sai wajen la'asar ya kama wuyansa ya durƙusa a gabana. Wanda ya ga wannan fuskar ba zai sake yin musu ba.

Mugun halin ciwon ke nan, ba ya tashi nan take. Sai ka ci, ka wanke hannu, ka yi sallama, ka isa gida, sannan ya taso. Waɗanda suka ba ka abincin ba su ga komai ba, saboda haka a wajensu ƙarya kake.

Me ba a ce masa ba? Iyayi. Sabon salo. Ciwon Turawa. Wai mai kiwon sa ba ya cin sa, ina aka taɓa ji?

A unguwarsu har yanzu ana ciyayya, kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida a haɗu a ci. Lawandi sai ya koma gefen tabarma da nasa kwanon, wake ko busasshen kifi. Suka sa masa suna Mai Kifi. Yana dariya, yana ramawa, don shi ma bakinsa ba ya rufuwa. A hankali dai ya daina fitowa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ci masa rai shi ne wansa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Wata Babbar Sallah ya aiko masa da soyayyen nama daga gidansa, Lawandi ya yi godiya ya raba wa maƙwabta. Magulmata suka kai labari. Wan ya ce ashe zarginsa yake yi, yana ganin zai sa masa wani abu a abinci. Tun daga nan gaisuwa ta koma ta bakin hanya.

Lawandi ya je ya yi bayani. Ya tura manya. Aka ce masa ai maganar a bakinsa kawai take.

Makon jiya muka haɗu a tashar Daura. Ya saya mini ƙosai duk da na ce na ƙoshi, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Ya ce, "Yaya ya aiko in zo sunan jikansa. Da bakinsa ya ce a kira ni."

Na ce, "To ka tafi da kwanonka."

Ya yi dariya. "Haba Malam Isa, wa ke zuwa gidan wansa da kwano?"

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Jiya aka yi sunan. Waɗanda suke wurin sun ce da aka kawo tuwon rana, wan ya jawo kwano gabansa a gaban jama'a, ya ce, "An tsame maka naman kaf, miya ce zalla. In ka yarda da ni, sa hannu."

Miyar da aka dafa da rago tun safe.

Lawandi ya san abin da ke cikin kwanon nan fiye da kowa a wurin. Ya dubi wansa, ya yi bisimilla, ya ci. Aka yi ta shewa, wai ga shi nan ƙalau, dama tsoro ne kawai.

Bayan la'asar abin ya taso masa a gida. Kafin a samu mota a kai shi asibiti numfashi ya tsaya.

Yau a wurin zaman makoki kowa sai cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda, babu mai wuce lokacinsa. Amma har da mai cewa da ya faɗa mana abin ya kai haka, ai da ba a matsa masa ba. Ya faɗa muku! Shekara da shekaru yana faɗa muku, kuna yi masa dariya.

Ban ce wani ya nufe shi da sharri ba. Wansa yana can ya haɗa kai da gwiwa, ko ruwa ya kasa sha, kuma na san yana son ƙaninsa. Sai dai ya fi yarda da abin da idonsa ya gani a kan abin da ɗan'uwansa ya gaya masa, kuma ba shi kaɗai ba ne a cikinmu.

Da na shiga yi wa matar Lawandi gaisuwa, daga bayan labule take magana, muryarta ta dushe. Ta ce da ya dawo daga sunan ya gaya mata abin da ya ci, ta ɗora hannu a ka ta ce su tafi asibiti tun abin bai taso ba. Ya ce ta bari ya ɗan zauna tukuna, wataƙila wannan karon ya zo da sauƙi. Ta ce rabon da ta gan shi cikin farin ciki irin na jiya har ta manta.

Ya ce mata, "Hajara, yau kwano ɗaya muka ci da Yaya."

Allah ya jiƙan Malam Lawal, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Hajara haƙuri, ya ba wansa ikon ɗaukar abin da zai ɗauka.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa Lawandi a addu'a.