Sista Ramla da Wainar Inna Lami

Kullum hantsi bai gama ɗagawa ba za ka ga Sista Ramla zaune kan benci a Ƙofar Marusa, tana cin waina a rumfar Inna Lami kafin ta wuce asibiti. Kada ka ce kwaɗayi ne, akwai dalili.

Sista Ramla nas ce a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki, kuma a watan nan za ta yi ritaya. Duk wanda aka sallama, sai ta zaunar da danginsa ta gaya masu gaskiya: in jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, ko ciwon ya ci wuri babba, farfaɗiya na iya biyo baya. A kiyayi rashin barci da zazzaɓi mai zafi, kada kuma a yi wasa da magani.

Inna Lami na cikin waɗanda aka kwantar a ɗakin, ta kuma ji gargaɗin. Da ta samu sauƙi ta koma bakin tanda, ta ce ai ta warke, ta ajiye magani. Ran nan sai ta yanke jiki ta faɗi, bakinta na kumfa. Jama'a suka watse, wai yawun mai farfaɗiya na harbi. Allah ya kawo Sista. Ta janye ta daga wuta, ta kwantar da ita ta gefe, ta daka wa mai kawo cokali tsawa: "Kul ka sa mata a baki!" Da mayafinta ta goge kumfar.

Lami ta farfaɗo, ta koma shan magani, amma ciniki ya mutu. Waina ta yi ta hucewa a tire, ga marayu a gida.

"Sista, ƙyamata ake yi," in ji ta, tana hawaye.

"Haba Inna, zuba mini da yaji."

A bainar jama'a ta cinye, har da suɗe yatsa. Kashegari ta dawo, ba ta kuma fasa ba. 'Yan acaba suka fara raɓowa, leburori suka biyo baya.

Sista Ramla, ke ce inuwar marasa gata. Wallahi mu Katsinawa muna alfahari da ke, mun gode, Allah ya saka da Aljanna. Ku kuma jama'a, in wani ya faɗi, ku matso, kada ku gudu.

Jiya na ga Sista ta iso rumfar a makare. Inna Lami ta tafa hannu tana dariya: "Sai haƙuri, Sista, yau ta ƙare!"