Dattijuwa da Guntayen Leshi

Tela ta saba da masu zuwa roƙon ƙyalle, amma ba ta taɓa ganin irin wannan dattijuwar ba. Tana zaune a bencin bakin shago, tabarau a kan hanci, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali. A cinyarta akwai farin kwali da ta yayyanka daidai tafin hannu, kowanne da gayyatar biki a rubuce da biro. Takan zaɓi guntun leshi, ta ɗaga shi ga haske, ta shafa gam, ta manna a gefen katin, tana cije leɓe kamar mai jarrabawa.

Tela na taka keke tana saƙe-saƙe. Rubutu mai kyau haka, ko tsohuwar malama ce? Auta za ta aurar, ko jika?

Ta kasa haƙuri. "Mama, ita amaryar ba za ta taya ki ba?"

Sai da dattijuwar ta danne leshin da babban yatsa sannan ta ɗago.

"Ai ga ta a gabanki, 'yar nan. Ba ki da jan leshi? Angon ya ce farin nan yana tuna masa katin asibiti."