Abin da Na Hana Zailani

Ɗana Zailani ya fara farfaɗiya yana shekara tara, a Zinder. Muka ce wa maƙwabta zazzaɓi ne, domin a garinmu gidan mai farfaɗiya ba a cin abincinsa, ba a neman aure a cikinsa. Da muka koma Paris, inda nake koyar da lissafi, ban sake tayar da maganar ba.

Yaro ne mai hannu. Ya koyi aikin ɗab'i, ya samu wuri a wata maɗaba'a a Lyon, yana aiko wa uwarsa Sahadatou kalanda kowace shekara, wadda shi ya buga. Yana shan maganinsa. A 1987 ciwon ya kayar da shi a bakin aiki, bayan mako biyu aka sallame shi.

Ya hau jirgin ƙasa ya zo mini. Ya ce an yi sabuwar doka da ta tilasta wa manyan kamfanoni ɗaukar naƙasassu, amma sai hukuma ta shaida ciwonsa. Likitansa na son takardun asibitin Zinder, kuma suna hannuna.

Na san dokar, na karanta ta kafin shi. Amma a lokacin ɗan Alhaji Maazou, mai shagon atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris, yana neman auren 'yata Halimatou. Na ce wa Zailani ya dakata sai an ɗaura aure.

"Baba, kai ma kana jin ana ɗaukar ciwon a yawu ne?"

Na ce a'a.

"To, ni zan jira."

Bai iya zama haka ba. Ya kama aikin fenti a unguwar La Guillotière ta Lyon, wurin wani da ba ya tambayar lafiyar kowa. Ranar 4 ga Fabrairu 1988 ciwon ya same shi a kan tsani, a hawa na biyu na wani bene, ya faɗo. Shekarunsa ashirin da huɗu.

Wurin ta'aziyya Alhaji Maazou ya tambaye ni yadda abin ya faru. Na ce tsani ne ya zame. Sahadatou tana bakin ƙofa da tiren shayi, ta ajiye shi.

"Alhaji, farfaɗiya ce. Tun yana ƙarami."

Alhaji ya ce Allah ya jiƙansa, shi ma yana da ƙane da ya rayu da ita. Ya miƙa hannu ya ɗauki shayi.