Ramar da Ta Kawo Mini Baƙi

Ina durƙushe a tsakar gida, cikin martabata ta shugaban manoman bokiti, ina cuɗa jar ƙasa da busasshen kashin shanu da toka da buntun shinkafa, sai ga mai unguwa da dattawan Jekadafari sun yi sallama. Rabon gidan nan da taro haka tun rasuwar mai ɗakina.

Mai unguwa ya nuna shukar da ke cikin bokitaina ya ce, "Malam, an ce wiwi kake nomawa. Da girmanka?"

Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, rama ce, yatsun ganyenta ne suka ruɗi jama'a. Irin da marigayiya ta bari ne."

Wani dattijo ya tsinki ganye ya tauna, ya yamutsa fuska. "Wallahi rama ce! Saura ƙuli-ƙuli."

Aka yi dariya, aka ba ni haƙuri. Na shiga ɗaki ɗauko tabarma, kafin in fito har sun kai zaure.

Da na san gaskiya za ta sallame su da wuri haka, da na ɗan ja musu. Jama'a, wane zargi ne ke zaunar da baƙo har a sha shayi?