Shuɗin Kwali a Cikin Kwallar Iya

Abin da na fara lura da shi da muka shiga Rano shi ne kantar wani kemis da ke kusa da kasuwa. An jera shuɗayen kwalaye na maganin hawan jini har sun kusa taɓa rufi, ƙura ta kwanta a kansu. A gefe kuma akwai koraye guda biyu kacal, mai shagon ya tura su bayan kwalbar man zafi kamar yana ɓoye wa wani. Ban nuna wa kowa ba. Dama ni ba mai yawan magana ba ce, a aji ma sai malama ta kira sunana sau biyu.

Daga Kano muka taso, ana idar da sallar asuba, ni da Goggo da jaririnta da direba. Goggo ƙanwar Babanmu ce, ta karanci haɗa magunguna, tana aiki a kamfanin da ke yin wannan maganin. Da can idan aka tura su ƙauyuka sai su kwana uku ba su dawo ba. Da ta haihu ta ce musu ko a sake tsari ko ta ajiye aikin, wasu matan kamfanin ma suka ce haka. Sai kamfanin ya mayar da fitar ta wuni ɗaya, ya ba da mota, ya kuma yarda mai shayarwa ta tafi da ɗanta da wadda za ta riƙe mata shi. Hutu ake yi, shi ya sa aka ce ni.

Hanyar ta yi kyau har muka wuce Bunkure. Damina ta zauna, dawa ta fi mutum tsawo, duwatsun Rano suna leƙowa ta bayan gonaki. Direba ya tsaya ya saya mana gasasshiyar masara, yana mitar an rage mata tsawo an ƙara mata kuɗi. Jaririn ya yi barci a cinyata, hannunsa riƙe da bakin hijabina.

Aikin Goggo a ranar shi ne jin ra'ayin mutane kan sabon kwali. Masu shan maganin sun daɗe suna kukan rubutun ya yi ƙanana, kuma duk da boko ne. Sai kamfanin ya ƙara girman rubutun, ya sa ajami, ya zana rana tana fitowa don a san da safe ake sha. A wajen gyaran ne aka mayar da launin daga kore zuwa shuɗi. Mai kemis ya ce sabon ba ya tafiya kamar tsohon, amma yana ganin rashin kuɗi ne na damina. Goggo ta rubuta haka a takardarta.

Daga nan muka kama hanyar Kibiya, muka ratse zuwa Kahu. Ruwa ya ci gefen hanyar, sau biyu muna tsayawa shanu su wuce. A Kahu ne Iya take, ƙanwar kakarmu, kuma a tsakar gidanta aka tara matan ƙauyen. Iya ta tarbe mu da murna, tana tsokanata wai ga kishiyar karatu ta zo, har yanzu bakin nata a ɗinke yake? Na sunkuyar da kai, a nan ne na ga ƙafarta. Silifas ɗin da take sawa bai shige ta ba, rabin diddigenta a ƙasa yake, ƙafar ta kumbura har tana sheƙi. Kuma ɗankwalinta a ɗaure yake tamau a goshi, irin ɗaurin masu ciwon kai.

Goggo ta zagaya da sabon kwalin hannu zuwa hannu. Kowace ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta ce madalla, ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Wata ta ce zanen ranar kamar a goge a rataye a ɗaki. Iya ma ta ce ya yi kyau, ta nuna koren kwalin da ke kan tagarta, ta ce ita kullum tana sha, ɗanta da ke Legas ba ya fashin aiko mata duk wata. Goggo tana ta cike takarda, fuskarta a sake.

Jaririn ya fara rigima, Iya ta ce in kai shi ɗakinta in kwantar, in kuma ɗauko kwano a zuba mana fura da nonon da wata Bafulatana ta kawo. Da na ratsa ta wajen taga gefen hijabina ya taɓa koren kwalin, ya faɗo ba ƙara. Na ɗauka na ji ba komai a ciki, kusurwoyinsa sun yi laushi don tsufa. Na mayar. A ɗaki na buɗe kwalla ta farko a jerenta, ba kwano. Na buɗe ta biyu, sai ga shuɗayen kwalaye uku a kwance kan tsumma, ko ɗaya ba a ɓare ba.

Ina tsaye da murfin a hannu Iya ta shigo. Ta dube ni, ta dubi kwallar, ta saki labule.

“Jabu ne, ’yar nan,” ta ce a hankali. “A rediyo an ce in kwali ya sake kama a yi hattara. Cutar ɗan nan nawa aka yi. In na faɗa zai ji kunya, ga shi da guminsa ya saya. Ki rufe, ki rufe bakinki.”

Na ce ai shi ne Goggo ta nuna yanzu. Ta ce ta gani, amma Goggo baƙuwa ce yau, aiki ya kawo ta, wa zai kunyata ta a gaban mata? Kuma wa ya sani ko ita ma jabun aka ba ta?

Na koma tsakar gida da kwanon, na zauna. Furar ta yi daɗi, an ce, ni ban ji ɗanɗanonta ba. Idona yana kan diddigen nan. Na tuna kakarmu, wadda ɓarin jikinta ya shanye da asuba ɗaya, ba ta sake kiran sunana daidai ba har ta rasu. Goggo ta fara tattara takardu, direba ya aiko yaushe za a tafi.

Da Goggo ta shiga ɗaki shayar da jaririn na bi ta. Na buɗe kwallar na ajiye a gabanta, na ce, “Wata uku ba ta sha ba.”

Goggo ba ta yi faɗa ba. Ta kira Iya, ta auna jininta, na ga ta daɗe tana kallon na'urar. Sannan ta fito da tsohon kore daga jakarta, ta ɓare ƙwaya ɗaya, ta ɓare ɗaya daga shuɗin, ta ɗora su a tafin hannun Iya. Girma ɗaya, fari ɗaya, tsaga ɗaya a tsakiya. Iya ta kai su bakin ƙofa wajen haske, ta juya su da farce.

“To da za ku sake masa riga, me ya hana ku aiko a faɗa mana?” ta ce.

Goggo ta ce laifin kamfaninsu ne. Ta koma wajen matan da ba su watse ba, ta ajiye takardar, ta zauna a tabarma. Wannan karon ba ta tambaye su ko ya yi kyau ba, sai ta ce wa ke da shuɗi a ɗaki ba ta taɓa ba? Wata ta yi dariya ta rufe baki da mayafi, sai hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yabi zanen ranar ita ce ta farko.

Goggo ta ce kada Iya ta koma sha sai likita ya duba ta, don haka muka ɗauke ta zuwa asibiti a Kibiya. An duba ta, an ce ta dawo bayan mako biyu. A mota ta yi hira da Goggo, ta yi wa jaririn wasa, ta tsokani direba kan tuƙinsa. Ni ko kallona ba ta yi ba. Da muka sauke ta na durƙusa na yi mata sallama, ta ce a gaida gida, ba ta kira ni kishiyar karatu ba.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. A hanya na yi ta tunanin takardar da Goggo ta cike a tsakar gidan Iya, wadda kowane layinta ya ce madalla. Da ita aka kai ofis, da an ce kwali ya karɓu. Kamfanin ya ji kukan Goggo domin ta faɗa da bakinta. Su Iya ba za su taɓa faɗa wa baƙo abinsa bai yi ba, sai dai a shiga ɗaki a ga kwalla.

A ƙofar gida Goggo ta ce za ta nemi a sa koren layi a jikin shuɗin, a kuma yi sanarwa a rediyo, ta tambaye ni ko akwai abin da nake so ta kawo mini don aikin yau. Na miƙa mata jaririn, na gyara masa hula.

“Goggo, ranar da Iya za ta koma asibiti, ki tafi da ni. Ko ba za ta kula ni ba, ina so in ga ko silifas ɗin ya shige ta.”