Inna Dije ta Garo da wayar ɗan fari

Mun tashi da asuba daga Kano, ko koko ban sha ba, don direbanmu irin mutanen nan ne da ke ganin karyawa ɓata lokaci ce. Aikinmu na sa-kai ne: mu riski 'yan ci-rani kafin su watse zuwa Kurmi, mu nuna musu yadda ake buɗe asusun banki da turo kuɗi gida lafiya.

Daga Rimin Gado gonaki suka fara, an yanke dawa an jingine, mata na tsintar gyaɗa. A nan na yi tawaye aka tsaya muka sayi ƙosai. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya rame, na naira ɗari bai rufe tafin hannuna ba. Titin kuwa wani wurin sumul, wani wurin sai ka riƙe haƙoranka.

A Gwarzo muka yi zaman farko a wata rumfa kusa da tasha. Akwai masu tura kurar ruwa, akwai masu gadi da 'yan acaba, wasu daga Kara, wasu daga Unguwar Tudu. Da aka tambayi inda suke ajiya, wani ya ce cikin safa, wani ya ce wajen mai shayin unguwarsu. Aka yi dariya, amma duk suka nutsu da aka zo kan lambar sirri, wadda ko mai POS ba a faɗa wa.

Bayan an tashi, wani saurayi mai suna Buba ya tare ni. Mutumin Garo ne, iyayensa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, shi kuma yana sayar da lemo a Fatakwal. Ya ce bana yana tsoron tafiya, alhali in bai je ba babu kuɗin taki. Bara wani ya kira mahaifiyarsa ya ce ɗanta na Kurmi ya yi hatsari, a turo kuɗin asibiti. Ta sayar da tunkiyarta ta tura, shi kuwa yana can lafiya lau yana ɓare lemo.

Na ce me ya hana ta kira shi ta ji? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Hajiya, ni ne ɗan fari. Ba ta kiran sunana, balle wayata.” Kunya ta hana ta tambayi ɓarawon sunan yaron, ta kuma hana ta nuna wa kowa hankalinta ya tashi.

Garo na kan hanyarmu ta komawa, sai muka ɗauke shi. Maza suka tsaya a zaure, ni na shiga. Mahaifiyar tasa, Inna Dije, ta tarbe ni da doguwar gaisuwa da fura mai nono da ta sa na yafe wa direba. Maganar asusu ba ta ba ni wahala ba, ta ce ƙanwar Buba za ta raka ta a buɗe. Da na zo kan kira kuwa, ta ja mayafi ta ce ita ba ta taɓa ba, mutane za su ce ta zubar da girma.

Na ce ba sai ta ambaci suna ba. Na sa lambarsa a kan maɓalli na biyu na wayarta, na ce ta danna ta riƙe kawai, in ta ji muryarsa shi ke nan. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunansa, ta fara danna wannan. Ta daɗe tana juya wayar a hannu, har na fidda rai. Can ta juya wa ƙofa baya, ta danna. Muka ji waya na ruri a zaure.

“Kai, kana ji na?” in ji ta, a hankali.

“Ina ji, Inna.”

Ta kashe, ta tura min sauran furar ta ce in shanye. Ni dai idona ya ciko.

Mun shigo Kano bayan magariba, kowa ya yi laushi. Tafiyar ta koya min cewa buɗe asusu shi ne mai sauƙin, sanin gidan da kuɗin zai shiga shi ne aikin. Ina cire takalmi Buba ya kira ya ce jibi zai hau mota. Sannan ya ce tunda ya fara ci-rani kullum ƙanwarsa ke kai saƙo tsakaninsu, sai yau ya ji muryar mahaifiyarsa a waya.